Ƙiyasin Likita Da Sanin Ajali

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da aka kawo mana nan Safo bayan sallar asuba, tun shekarar 2021. Wani bawan Allah ne aka kwantar da mahaifinsa a asibiti da ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi. Likita ya auna abin da zai auna, ya kira shi gefe, ya ce masa tsohon yana cikin rukunin da mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Mutumin ya dawo ransa a ɓace. Ya ce: "Allah gafarta Malam, wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce? Wa ya ba likita littafin ajali?" Mun amsa masa a taƙaice a ranar. Amma da yake tambayar tana ta dawowa a kan wasu cututtuka, mun ga ya dace mu rubuta ta domin amfanin jama'a.

Kowa yana tune da waccan shekara. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Aka rufe masallatai, ba a buɗe su ba sai 13 ga Mayu. A cikin wannan tsakani ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ya rasu da cutar. A Kano kuwa, cikin watan Afirilu, masu haƙar kabari sun gaji da haƙa, har ministan lafiya na Nijeriya ya faɗi daga baya cewa an ƙirga mutuwa 979, kuma rabinsu ko fiye suna da alaƙa da korona. Allah Ya sassauta wa ƙasarmu, waɗanda aka ƙirga sun rasu da ita a Nijar ba su wuce 300 da ƴan kai ba. A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annobar ta fita daga matsayin gaggawa.

To, mene ne likitoci suke yi in sun ce wannan ciwonsa mai tsanani ne, wancan mai sauƙi? Alamomi suke dubawa. Suna ƙirga numfashin majinyaci a minti guda, in ya haura 30 abin ya yi nauyi. Suna maƙala masa wata ƴar na'ura a ɗan yatsa mai nuna yawan iskar okisijan a jininsa, in ta sauka ƙasa da kashi 90 cikin 100 sai su sa shi cikin masu tsanani. A ƙasar Ingila, a shekarar 2020, masu bincike sun tattara labarin majinyata sama da 35,000 a asibitoci 260, suka fitar da wani ma'auni da suka kira 4C. Abu takwas yake dubawa: shekarun mutum, namiji ne ko mace, yawan tsofaffin cututtukan da yake ɗauke da su, saurin numfashi, iskar jini, ko yana cikin hayyacinsa, da gwajin jini guda biyu, ɗaya na aikin ƙoda ɗaya na kumburin cikin jiki. Ana haɗa maki daga sifili zuwa 21. Waɗanda makinsu bai wuce 3 ba, kamar mutum ɗaya cikin ɗari ne ya mutu. Waɗanda suka kai 15 ko fiye, kusan 62 cikin ɗari ne suka mutu.

Ku tsaya a kan wannan lissafi na ƙarshe, domin amsar tana cikinsa. In 62 sun mutu, to 38 sun tashi sun koma gida. Takardar ba ta san ko mahaifinka yana cikin 62 ko yana cikin 38 ba. Labarin taron mutane da suka shuɗe take bayarwa. Abin da Allah Ya keɓance wa kanSa, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratu Luƙman, shi ne sanin yaƙini na abin da kowace rai za ta samu gobe da ƙasar da za ta mutu a cikinta. Manomin da ya ga hadari ya haɗu ta gabas, iska ta juya, ya ce wa yara su kwashe shanya, babu wanda ya taɓa ce masa ya yi kafirci. Sau da yawa ruwan ya zo, wani lokaci kuma hadarin ya watse. Bambancin likita da ɗan duba shi ne ɗan duba yana jingina maganarsa ga buga ƙasa ko aljani, yana kuma yanke ta yankewa. Likita yana jingina tasa ga al'adar da Allah Ya gudanar a jikin bayinSa, wadda aka gani aka ƙirga. Idan wani likita ya wuce gona ya ce lalle wane ba zai kai Juma'a ba, to shi ne ya yi kuskure, kuma ilminsa ma bai ba shi wannan ba.

Abin da ya kamata ya kwantar da hankalin ɗalibai shi ne fiƙihunmu ya riga asibiti shiga wannan fage. Wanda ya karanta Muhtasar na Shehu Halilu ya san babin hana tasarrufi, inda aka kawo majinyacin da masana magani suka hukunta cewa ana yawan mutuwa da irin ciwonsa. An ba da misali da tarin fuka, da zazzaɓi mai ƙarfi, da mace mai cikin da ya cika wata shida. Ku lura, ga masana magani aka mayar da hukuncin, kuma a kan rinjaye aka gina shi. Mai irin wannan ciwo ba shi da ikon kyauta da abin da ya wuce sulusin dukiyarsa. Aurensa a wannan hali ba ya inganta a mazhabar Imamu Malik. In ya saki matarsa sannan ya mutu a ciwon, tana gadonsa, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya hukunta ga matar Abdurrahman ɗan Aufu. Idan kuwa ya warke, kyautarsa ta zartu gaba ɗayanta. Wato shari'a ta yi aiki da ƙiyasin, kuma ta bar ƙofar warkewa a buɗe.

Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka a shekarar Hajjin Bankwana har ya fitar da rai. Ƴa ɗaya gare shi a lokacin. Ya nemi ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana, ya nemi rabi, aka hana, aka tsayar masa da sulusi. Sa'adu ya tashi daga wannan ciwo, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi ƴaƴa masu yawa, ya rayu fiye da shekara arba'in bayan haka.

Wani zai ce, to in ƙiyasin ba yaƙini ba ne, me ya sa ba za a bar shi ba? Domin magani yana bin matsayin ciwo. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna cewa deksametazon, magani mai araha wanda ya daɗe a hannun likitoci, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda aka ɗora wa na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba okisijan. Ga wanda ciwonsa bai kai ga neman okisijan ba kuwa, bai amfane shi da komai ba. Wanda bai rarrabe majinyata ba zai ba wanda bai kamata ba, ya hana wanda ya kamata. Kuma mu mutanen Madarunfa ba baƙin wannan ba ne. Matanmu sun san igiyar nan mai launi uku da ake auna dantsen yaro da ita lokacin tamowa. In ta tsaya a ja, ƙasa da milimita 115, uwa ba ta jiran gari ya waye. Ba mu taɓa jin wanda ya kira igiyar nan duba ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne ranar da majinyata suka fi kayan aiki yawa. Tulun okisijan ɗaya, mabuƙata biyu. Wannan ya faru a Italiya a Maris 2020, duk da wadatarsu. A nahiyarmu wani bincike da aka buga a 2021, a asibitoci 64 na ƙasashe goma, har da Nijar da Nijeriya, ya sami cewa kusan rabin masu korona da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman sun mutu cikin kwana 30, kuma ƙarancin kayan aiki na daga cikin dalilai. A irin wannan matsi muna ganin ya halatta likita ya fifita wanda alamomi suka nuna taimakon zai fi amfanarsa, kamar mai iyo da ya ga mutum biyu suna nutsewa a tafkin Madarunfa, ba ya iya ɗauko su tare. In sun yi daidai, wanda ya riga zuwa, ko a yi ƙuri'a, domin ƙuri'a tana da asali a shari'a. Abin da ba ya halatta shi ne a cire wa talaka abin numfashi a ba mai kuɗi, ko a duba sarauta, ko dangi, ko wanda ya buga waya daga sama. Kuma ba mu yarda a mayar da tsufa shi kaɗai hujjar hana mutum magani ba. Akwai ɗan shekara saba'in da yake noma gonarsa da kansa, akwai ɗan arba'in da ciwon sukari ya cinye. Wanda ba a zaɓa ba ma yana da haƙƙi: a rage masa zafi, a tsabtace shi, kada a bar shi shi kaɗai, a sami mai laƙƙana masa kalmar shahada.

Muna kuma yi wa ƴan'uwanmu ma'aikatan lafiya nasiha kada su riƙi waɗannan ma'aunai kamar saukakku. An gina 4C a kan mutanen Ingila, galibinsu tsofaffi masu shekara saba'in da wani abu, kafin a sami allurar rigakafi. Mu kuwa rabin jama'armu yara ne, ga zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da ba su shiga lissafin ba, ga gwajin jinin da ba kowane ɗakin shan magani na ƙauye yake da shi ba. Ita kanta na'urar ɗan yatsa, masu bincike a Amurka sun nuna a ƙarshen 2020 cewa ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, tana nuna iska ta wadata alhali ta yi ƙasa. Saboda haka idon likita da hannunsa ba su da madadi.

Saura maganar faɗa wa dangi. Muna da wata al'ada, ko mutum yana gargara in an tambaya sai a ce "da sauƙi". Kalma ce mai kyau a bakin mai gaisuwa, kuma an so wanda ya je dubiya ya ƙarfafa wa majinyaci zuciya. Amma mun raba gado da yawa a garin nan inda rigima ta tashi don an ɓoye wa mamaci halinsa har ya tafi bai faɗi bashin da ake binsa ba, bai faɗi wace gona ce jingina wace ce tasa ba, bai mayar da ajiyar mutane ba. In likita ya ce ciwon ya yi tsanani, a sami babba mai hankali a gidan ya zauna kusa da shi, ya tuna masa wasiyya cikin lallashi tun yana hayyacinsa, a kira shaidu biyu adilai, a rubuta.

Kada kuma jin babban lissafi ya sa a ɗauke majinyaci daga asibiti a ce gara ya cika a ɗakinsa, alhali okisijan ɗin da yake sha shi ne sababin da ake riƙe da shi. Wanda ya kawo mana tambayar nan har ya samo motar da za ta mayar da mahaifinsa gida. Muka ce masa ya bar shi inda yake, ya je ya rubuta wasiyyarsa a bakin gado. Ya yi hakan a daren. Tsohon ya ƙara kwana goma sha ɗaya a asibiti, sannan aka sallame shi.