Binciken Sheƙar Tsuntsaye Kafin Feshi

Idan gero ya fitar da kai, shinkafa ta fara nuna, manoman Haɗejiya da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi ba su da abin tsoro kamar jan-baki. Tsuntsu ne ƙarami, amma garkensa yakan rufe sama kamar hadari, ya bar zangarniya fayau. Saboda haka ne masu binciken tsuntsaye sukan bi fadamu da shingayen gonaki suna neman inda aka yi sheƙa, suna ƙidayawa, suna rubuta irin tsuntsun, da ko ƙwai ne a ciki ko 'ya'ya. Waɗansu manoma suna ganin wannan ɓata lokaci ne, wai a kawo jirgin feshi kurum a huta.

To, shari'a tana tare da masu binciken. A cikin Suratun Namli, aya ta 20, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba da labarin yadda Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bi rundunar tsuntsaye yana dubawa har ya gane alhudahuda ba ya nan. Ya yi masa alkawarin azaba, amma ya bar masa ƙofar kawo hujja, kuma da ya zo da labarin Saba'u bai yanke hukunci ba sai da ya bincika. Alƙurɗubi ya kafa hujja da wannan aya a kan cewa shugaba ya riƙa bin diddigin abin da ke ƙarƙashinsa, komai ƙanƙantarsa.

Babu saɓani cewa an halatta wa manomi ya kare abincin iyalinsa, domin cuta gusar da ita ake yi. Amma malaman fiƙihu sun ce larura ana auna ta ne gwargwadonta. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa tururuwa ɗaya ta ciji wani Annabi, ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, sai Allah Ya zarge shi a kan halaka al'umma mai tasbihi saboda laifin guda. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurta a mayar mata da su.

Maganin fentiyon da akan fesa wa jan-baki ba ya tantance mai laifi. Shamuwa da balbela fara suke ci. Fakara a ƙasa take ƙwai, cikin ciyawar iyakar gona. Mujiya, wadda jahilci ya sa ake jifa da sunan camfin da Musulunci ya rushe, ɓeraye take kamawa da dare. Wanda ya fesa guba ko ya cinna wa shinge wuta bai san abin da ke ciki ba, ya kashe masu gadinsa da hannunsa. Ƙasar Sin ta gwada haka a 1958, aka yi gayyar kashe gwarare don ceton hatsi, sai fara da tsutsa suka samu fili, har hukuma ta janye umurnin a 1960.

Akwai kuma abin da manomi mai imani yakan manta. Anas ɗan Maliku ya ruwaito cewa duk abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Kurciyar da ta tsinci ƙwaya goma ba ta zama annoba ba.

Saboda haka idan masu ƙidaya suka iso gari, ya kamata mai unguwa da liman su haɗa su da manoman da suka san ƙayoyi da kacalar da jan-baki yake kwana a ciki, a nuna musu wurin sosai, a kuma hana yara kwasar ƙwai a shingaye har damina ta wuce.