Nawayar Zuciya: Yaushe Ya Kamata Mai-bi Ya Tafi Wurin Likita?

Ya kai mai-karatu, ko ka rigaya ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ka sani bin Ubangiji ba ya raba mutum da wahalar duniya. Damina takan yi gardama, bashi yakan hana barci, yaro yakan kwanta ciwo. Sabon mai-bi kuwa yana da nasa kaya bisa wannan, gama wani lokaci danginsa sukan juya masa baya, abokan cin tuwonsa su daina kiransa. Irin wannan damuwa ta kowa ce. Takan zo da dalilinta, takan kuma yi sauƙi da addu'a, da haƙuri, da hutawa, da zama cikin jama'ar masu-bi.

Amma akwai wata nawaya wadda ba ta sauka ko da dalilinta ya wuce. Wannan ciwo ne, kamar yadda tarin fuka ciwo ne, yana kuwa da masu-maganinsa, su ne likitocin ƙwaƙwalwa.

Kada ka ce neman likita rashin bangaskiya ne. Ka duba labarin annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Sa'anda ya gudu daga Yezebel, ya zauna ƙarƙashin itace cikin jeji, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, kāna ya yi masa magana, ya kuma ba shi Elisha abokin aiki. Ka ga Ubangiji ya kula da jikin bawansa tare da ruhunsa. Luka ma, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Wanda ƙafarsa ta karye yakan yi addu'a, yakan kuma nemi maɗori, ba mai-zarginsa.

Ga alamun da za ka lura da su:

1. Baƙin ciki ko mutuwar jiki kusan kowace rana har mako 2 ko fiye, abin da kake jin daɗinsa dā ya zama salam.
2. Barci ya ƙaurace maka, ko kana farkawa tun kafin asuba ka kasa komawa. Abinci ya fita ranka, kana ramewa.
3. Ka kasa aikin gona, ko kasuwa, ko kula da 'ya'yanka.
4. Tsoro yana kama ka ba dalili, gabanka yana faɗuwa, numfashi yana sarƙewa.
5. Kana ganin kanka banza, kana cewa gafara ba ta isa gare ka ba, ko da ka tuba an kuma koya maka alherin Almasihu.
6. Ka soma neman sauƙi wurin giya, ko wiwi, ko ƙwayoyi irin su tramadol.

Idan waɗansu daga cikin waɗannan sun taru a kanka sun daɗe, lokacin ganin likita ya yi. Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su: idan tunanin kashe kai ya shiga zuciyar mutum, idan yana jin muryoyin da ba mai-jinsu sai shi, idan ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu ba tsayawa, ko mai-jego ta ruɗe bayan haihuwa. A kai shi asibiti ran nan. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari, da wuƙa, da igiya. Kada ka ji tsoron tambayar ɗan'uwanka a fili ko yana tunanin mutuwa, gama tambayar ba ta sa masa tunanin, sai dai ta buɗe masa baki.

Ka fara daga asibitin da ke kusa da kai. Likita zai duba jikinka, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo sukan kawo alamu masu-kama da waɗannan. In ya ga dama zai tura ka gaba. Akwai asibitin masu-ciwon ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Jos da Zariya kuma suna da sashen wannan aiki. Yawancin masu-zuwa ba a kwantar da su: a saurare su, a ba su shawara, a ba mai-bukata magani, su koma gida. Ka faɗa wa likita gaskiya duka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin aikinsa ya bayyana. Kada ka yi gaggawar fid da zuciya, kada kuma ka bar shi don ka ji sauƙi, sai da izinin likita.

Watakila za ka ce, mutanen gari za su yi ta cewa sabon addini ne ya taɓa mini hankali. Ka sani wannan ciwo ba ya zaɓen addini ko ƙabila. Ɓoye shi kuwa ba ya rufe bakin mutane, sai ya ba ciwon wurin girma. Wanda ya nemi magani da wuri ya koma gonarsa, shi ne ya ba su amsa.

Ku kuma dattawan ekklisiya, kada ku sa wa marar-lafiya mari ko turu, kada ku duke shi, ko ku tilasta masa azumi, kuna cewa iskoki kuke kora. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma saukar da masu-ciwo a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwa mai-jinyarsa, gama ya ga zama cikin mutane yana taimakon warkewa. A 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar Nijeriya mai-kare haƙƙin irin waɗannan. Kada dokar ƙasa ta fi jama'ar Almasihu tausayi. Ku raka shi asibiti, ku haɗa kuɗin mota da na magani, ku yi masa gayya a gona, ku riƙe asirinsa.

Ya ɗan'uwa, idan ka ga kanka cikin wannan takarda, kada rana ta fāɗi ba ka gaya wa wani amintacce ba. Ka yi addu'a, ka kuma tashi ka tafi. Ubangiji wanda ya ciyar da Iliya cikin jeji ya riƙe hannunka, ya ba ka lafiya da salama. Amin.