Auwalu, Ajiye Sufanar Nan Tukuna

Auwalu ɗana, mahaifinka ya ba ni labarin taraktar lambun da ka sayo a hannun tsohon manomin nan na Indiyana. Wai ka ce an cuce ka, an liƙa maka mataccen ƙarfe. Da safe ta tafi garau, da rana ta take sai ta shiga kuka tana jan ƙafa, ɗan tudun bayan gidanka ma ya gagare ta. Har ka sa ranar Asabar za ka farke giyarta, in ba ta gyaru ba ka kai wa masu sayen tsoffin ƙarafa. To ajiye sufanar nan tukuna ka saurari Baffanka, don gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ka ma san abin da ke hannunka kuwa? Cub Cadet 125 ce, ƙirar kamfanin International Harvester a masana'antarsu ta Luwisbil da ke jihar Kentaki, tsakanin 1967 da 1969. Na farkon da suka fitar a 1961 da kuloci da giyar hannu suka zo, kamar kowace tarakta. Matsalar ita ce, wuƙar yanke ciyawa da injin watsa dusar ƙanƙara suna son inji ya yi ta juyawa da cikakken ƙarfi, shi kuwa direba yana son ya rage gudu a gindin bishiya, ya ƙara a fili, ya koma baya a lungu. Da giyar hannu sai ka taka kuloci, ka tsaya, ka sauya, ka sake tashi. Wannan wahalar ce ta sa daga baya suka fito da samfurin 123 mai giyar haidiro ta kamfanin Sundstrand. Wheel Horse na garin Sawuz Bend su ma a 1965 suka sa wa tasu, John Deere kuma ya biyo da samfurin 140 a 1968. Riƙe wannan dalilin da kyau, domin daga nan rabin laifinka ya faro.

A cikin wannan akwatin da kake shirin farkewa abu biyu ne manya, famfo da mota, kowanne da jerin ƙananan fistin a cikin tulun ƙarfe mai juyawa. Sanda ce ta taso kai tsaye daga injin Kohler mai ƙarfin doki 12 take juya famfon. Ƙafafun fistin ɗin suna zamewa a kan wani faifan ƙarfe, libar da ke hannunka kuwa aikinta kawai karkata wannan faifan. Idan faifan yana tsaye sak, fistin ba sa shiga ba sa fita, mai ba ya motsi, tarakta na tsaye ko da inji na ruri. Ka ɗan karkata shi, su fara tura mai zuwa ga motar, motar ta juya tayoyi. Ka ƙara karkatawa, gudu ya ƙaru. Ka karkata shi ɗaya ɓangaren, man ya juya hanya, ka koma baya. A juyi guda abin da famfon ke turawa bai wuce cokalin miya ɗaya ba, mililita 15, amma inji na juyi 3,600 a minti. Lissafa ka gani: sama da lita 50 ke zagayawa kowane minti tsakanin ƙarafan da ba abin da ya raba su sai siririn mai. Kullum kuma wani abu na tsiyayewa ta gefen fistin, shi ya sa aka sa wani ƙaramin famfon ciko da ke zuƙo mai daga ƙasa ta cikin filta yana mayar da gurbin abin da ya zube.

Yanzu ga laifukanka. Na farko, bari in tambaye ka. Ranar da ka kawo ta gida ta ƙi tashi, ba igiya ka ɗaura mata ka ja ta da motarka daga bakin titi har gareji ba? In inji a kashe yake, famfon ciko ba ya aiki. Tayoyi ne ke tilasta wa motar cikin akwatin juyawa, ƙarfe na gogar ƙarfe ba isasshen mai. Jan jaki ke nan da dabaibayi a ƙafa. Akwai liba da aka yi domin danne kawunan bawul biyun da ke saman akwatin, ita ma don a tura taraktar da hannu ne 'yan taku kaɗan. Tafiya mai nisa a kan tirela ake ɗora ta. Ka duba kawunan bawul ɗin nan ma, domin tsatsa kan riƙe su a danne, in kuwa ɗaya bai dawo sama ba mai zai riƙa sulalewa, taraktar ta rasa ƙarfi.

Na biyu, an ce a sulo kake aiki da ita, wai kana tausayin tsohon inji kuma kana tattalin fetur. Wannan tausayin cuta ne. In ka rage totur, famfon ciko ya rage zuƙo mai, fankar da ke kan sanda ta rage iska, kai kuma ka ƙara tura liba don ka samu gudu. Nauyi ya ƙaru, sanyaya ta ragu, mai ya yi zafi ya tsinke, ya riƙa kuɓucewa ta ko'ina. Kukan da kake ji da rana ke nan. Shi kansa injin iska ce ke sanyaya shi, fankarsa kuwa tare da shi take juyawa. In za ka yi aiki ka buɗe totur, ka bar liba ta yi maka maganin gudu. A gindin tudu kuma ja libar baya kaɗan ake yi. Tafiyar za ta ragu, ƙarfin ja ya ƙaru.

Na uku shi ya fi ba ni haushi. Ka ga man ya yi ƙasa, sai ka ɗauko ragowar baƙin man motarka ka tuttula. Ka tambayi wa? Kamfanin ya ce Hy-Tran za a zuba, har gobe kuma ana sayar da shi. Kowace tarakta da abin da aka rubuta mata. Abin da Wheel Horse ke sha daban, na John Deere daban, kuma ba a haɗa iri biyu a ciki ɗaya. Filtar ma haka. Don ta injin mota ta ɗauru a mazaunin ba shi ne ta dace ba, galibinsu suna da 'yar ƙofar da ke barin mai ya wuce ba tacewa in sun toshe, dattin kuwa kai tsaye cikin famfo zai faɗa.

Na ƙara girman hoton da ka turo wa mahaifinka na duba da kyau. Haƙarƙarin alminiyon da ke jikin akwatin, waɗanda aka yi don su fitar da zafi, ko ɗaya ba a gani. Busasshiyar ciyawa ta haɗu da mai da ƙura ta zama taɓo ta lulluɓe su. A ƙasa kuma, inda akwatin ya haɗu da gidan giyar baya, ga danshin mai nan yana naso, alamar gaskit ɗin wurin ya gaji. Wanda bai wanke wajen abu ba, ina shi ina buɗe cikinsa?

Ga yadda za ka yi da Asabar ɗin taka. Ka kankare taɓon nan tas, ka duba fanka ko fukafukanta sun cika. Ka sa faranti a ƙasa, ka kwance murfin baya man ya zube, ka sa hannu da tsumma ka kwashe lakar da ta kwanta a gindi. In ka ga man ya yi fari-fari, ruwa ya sha. In ka ga ƙyalƙyalin tagulla a ciki, ka ajiye min in gani. Ka sa sabon gaskit da filtar da ta dace, ka zuba mai har ya kawo bakin ramin da ke jikin murfin, zai ci sama da lita shida. Sai ka ɗaga tayoyin baya a kan matokarai masu ƙarfi, kada ka yarda da jak kaɗai, ka kori yara daga wurin, ka tada inji ka riƙa kai liba gaba da baya a hankali har iskar da ta shiga ta fita, sannan ka sake duba man.

Daga nan ka bi sandunan da suka taso daga liba zuwa akwatin. A ƙarshensu akwai wani hannun ƙarfe mai rami, da sifirin a kwance cikin ramin. Shekara hamsin da ɗoriya na kai da kawo kan cinye kusurwoyin ramin, sifirin ya riƙa wasa, sai tarakta ta riƙa rugawa a gangara tana noƙewa a hawa. Mutane da yawa sun zubar da lafiyayyen famfo saboda wannan, alhali mai walda zai cike ramin, a goge shi da zarto ya koma daidai.

In duk ka yi wannan ba ta warke ba, to sai a yi maganar buɗewa, kuma ba a kan simintin gareji ba. Tebur mai tsabta ake shimfiɗa wa farar takarda, kowane fistin a ajiye shi yadda zai koma ramin da ya fito, kada kayan famfo su cakuɗe da na mota. Fuskokin ƙarafan nan a goge suke sumul, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layin da zai zubar da ƙarfin gaba ɗaya. International Harvester sun sayar da sashen Cub Cadet tun 1981, wasu kayan cikin nan sai an sha nema, don haka abin da ka ɓata da gaggawa ba lallai ka same shi a kanti ba.

Saura maganar dattijon da ka kira macuci. Mutumin nan ya riƙe na'urar nan ta kai waɗannan shekarun tana aiki, kai kuma damina ɗaya ba ka cika da ita ba. Zato zunubi ne, Auwalu, kuma ka yaɗa shi har cikin dangi. Ka kira shi ka gaishe shi, ka tambaye shi wane mai yake zuba mata, yaushe rabonsa da sauya filta, ko littafinta na nan a ajiye. Irinsu ba abin da suke so kamar a tambaye su, zai gaya maka abin da ni ban gani a hoto ba. In ka gama wankin da sauya man, ka kira ni kafin ka taɓa ko noti ɗaya na jikin famfon. Allah ya yi maka albarka, ka gaida mai ɗakinka da yara.