Wa Zai Buɗe Wayarka Bayanka?

Ba a cika kwana uku da kai mutum makwancinsa ba sai a fara tambayar da ke sa zaman makoki ya yi tsit: wa ya san lambar sirrin wayarsa? A cikinta akwai lissafin bashin da ake binsa da wanda yake bi, da hoton takardar gona, da saƙon muryar mahaifiyarsa wadda ta riga shi komawa ga Allah. Wayar tana nan lafiya lau, har ƙara take yi idan an kira, amma wanda ya san hanyar shiga cikinta an rufe shi da ƙasa.

Idan za mu sayi abin ajiyar bayanai mukan tambayi mai shago shekara nawa zai yi, sai ka ce mu ne aka bai wa tabbacin gobe. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, ranar da ba na nan, 'ya'yana za su iya karanta abin da na bari?

Filashi da katin memori da SSD duk da ɗigon lantarki suke riƙe bayani, ɗigon nan kuwa yana zurarewa a hankali idan an daɗe ba a jona su ba. Ƙa'idar masu ƙera SSD na gida ita ce, wanda ya tsufa ya riƙe bayani shekara 1 a kashe, a zafin digiri 30. Mu da zafin Afrilu ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri, bai kamata mu jefa hotunan iyali a filashi mu tura cikin durowa mu manta ba. Rumbun kwamfuta mai faifai mai juyawa ya fi jure zama a kashe, sai dai faɗuwa ɗaya tana iya gamawa da shi. Faifan CD da ake kwafa a gida rininsa kan dushe.

Akwai faifan M-DISC da masu shi ke cewa zai kai shekara 1,000. To, ina na'urar da za ta karanta shi? A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan leza, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Zuwa 2002 sai da masana suka shiga aikin ceto, domin na'urorin sun zama na nema, alhali kundin Domesday da aka rubuta a fata yana nan ana karantawa. Mu ma gidaje nawa ke da kwalin kaset na tafsiri, babu rakodar da za ta juya shi?

Ajiyar intanet ma ta wani ce. A 2019 shafin MySpace ya sanar da ɓacewar waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin shekara 12. Google kuma tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba, shekara biyu kuwa ba komai ba ce ga iyalin da ke fama da rashi da rabon gado.

Shi ya sa masana ke cewa a yi kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wani gida ko wani gari. Wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ya san amfanin kwafin da ke nesa. A riƙa jona su ana dubawa duk shekara, a sauya rumbu kafin ya gaji.

Amma a ganina abin da ya shafi haƙƙin mutane bai kamata ya tsaya a na'ura ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Bashi da amana da takardun fili da wasiyya, a fitar da su a takarda, a sa shaidu, a ajiye inda gara da ruwa ba sa kaiwa. Abin da kuma ba ka so idon ɗanka ya faɗa kai, ka goge shi yau, ka nemi gafarar Ubangijinka tun numfashi yana shiga yana fita.

Sai lambobin sirri. Google da Apple duk suna da tsarin naɗa wanda zai karɓi bayananka bayan rasuwa, kuma ba ya cin lokaci. Ka cika shi, ka rubuta lambobin a takarda, ka liƙe ambulan, ka damƙa wa amintacce ɗaya, sannan ka gaya wa iyalinka ko wane ne.