Sirrin Yaƙi da Sirrin Ɓarawo: Ina Matsayin Ɗan Jarida?



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu mutanen Gure muna zaune ne a bakin babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa. Tun watan Fabrairu na 2015, lokacin da ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, muke ganin ayarin motocin soja suna wucewa gabas, cikinsu akwai ƴaƴanmu da ƙannenmu. Abin da ke hannun waɗannan samari, bindiga ce ko sulke ko mota, da dukiyar al'umma aka saye shi. Saboda haka tambayarmu a wannan fitowa ta shafi kowane gida: ɗan jaridar da ya ɗora wa kansa bin diddigin cinikin makamai da yarjejeniyar soja tsakanin ƙasarmu da ƙasashen waje, mai tona asirin runduna ne ko mai tsaron amanar jama'a?

Masu ganin laifinsa suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda da zarar labarin aminci ko na tsoro ya iso musu sai su yayata shi, maimakon su mayar da shi ga masu iya tantancewa. Mun kuma san ƙissar Haɗibu ɗan Abi Balta'a, Allah Ya yarda da shi, wanda a shekara ta 8 bayan Hijira ya aika wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su shirin tafiya Makka. An tare takardar a hanya, farkon Suratul Mumtahana ya sauka a kan lamarin, aka yafe masa don yana cikin mutanen Badar. Ashe yaƙi yana da sirri da shari'a ta tsare. Duk wanda ya buga inda sojoji suka yi sansani, ko ranar tashinsu, ko raunin makamin da suke riƙe da shi, to ya shiga cikin alhakin jininsu.

Sai dai akwai wani sirri dabam wanda ke fakewa a inuwar wancan, shi ne sirrin ɓarawo. Aya ta 161 ta Suratu Ali Imrana ta yi kashedi mai tsanani ga mai ha'inci a dukiyar yaƙi, ta nuna zai zo da abin da ya ɓoye ranar Alƙiyama. Mu tuna: ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojinmu 71 a Inates, ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Cinagodar. Ba a gama zaman makoki ba sai ga binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito a 2020, yana nuna ƙasa ta yi hasarar kuɗin sefa kimanin miliyar 76 ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya amma ba a kawo ba, ko da yake daga baya mahukunta sun ambaci adadi ƙasa da haka. Talakawa sun ji wannan ne ta bakin ƴan jarida, su kuwa ƴan jaridar sun ɗanɗana kuɗarsu. An tsare Samira Sabu daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli na 2020 kafin kotu ta sallame ta, sannan a 2021 kotu ta ci tarar Musa Aksar na jaridar L'Événement bayan rubutun da ya yi kan wannan ciniki. To mu tambayi kanmu: idan aka ɓoye farashin jirgi, sojan da ke bakin daga aka kare ko mai aljihun da ya cika?

Game da ƙawance da baƙi kuwa, sira ta ba mu misali. Kafin yaƙin Hunaini, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari sulkuna daga Safwanu ɗan Umayya alhali bai musulunta ba. Safwanu ya tambayi sharaɗi, aka bayyana masa cewa aro ne mai lamuni, kuma malamai suka rubuta wannan har ya iso gare mu. Neman makami a wajen wanda ba namu ba halal ne, amma sharaɗinsa a sarari yake. A zamaninmu Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da kuɗi sama da dala miliyan 100, kuma labarin wani sansanin a Dirku, jaridar New York Times ce ta buga shi a 2018. A 2022 ƙasarmu ta karɓi jiragen Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Sojojin Faransa sun fita a Disamba 2023, masu horarwa na Rasha suka iso a Afrilu 2024, na Amurka suka gama fita a Satumba 2024. Abokan hulɗa suna canjawa, tambayoyin kuwa suna nan: nawa aka biya, an kawo kayan ko ba a kawo ba, wa ke da hurumin ba da umarnin harbi, kuma wa zai biya diyya idan aka yi kuskure?

Kada mu ɗauki tambayar diyya da wasa. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan Nijeriya ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutane aƙalla 85 suka rasu. Rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne. Na'ura tana ganin taro daga sama, amma ba ta rarrabe mai zikiri da mai bindiga. Mutum ne ke danna maɓalli, kuma mutum ne za a tambaya. Wanda ya je ya ƙirga kaburbura ya rubuta sunayen mamata ya ba da shaida, ɓoye shaida kuwa zunubi ne.

Abin da muka fahimta ke nan: sirrin yaƙi amana ce a rufe shi, sirrin ɓarawo amana ce a buɗe shi, kuma nauyin ɗan jarida shi ne ya rarrabe su. Wannan yana da sharuɗɗa. Ya tabbatar da labari kafin ya buga, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni, domin ƙazafi ga bawan Allah da sunan bincike zalunci ne. Ya nemi ilimin abin da yake rubutu a kai, don kada dillali ya ruɗe shi da kalmomi. Ya kame hannunsa daga goron kamfanin makamai da na ofishin jakadanci, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma daga ranar ya zama sanƙira. Ya kuma auna kowane layi da rayuwar sojan da ke bakin Komadugu.

Ku shugabanni, ku ji tsoron Allah, kada ku mai da kalmar tsaron ƙasa bargon rufe ɓarna. Mu kuma masu sauraro, wayar da ke aljihunmu ta mai da kowannenmu mai yaɗa labari. Hoton ayarin soja da ya ratsa Gure, kada mu tura shi ga kowa. Labarin dukiyarmu kuwa, mu tantance shi, sannan mu tambaya da ladabi ba tare da tsoro ba.

Allah Ya jiƙan sojojinmu da suka riga mu, Ya kare waɗanda ke bakin daga, Ya ba shugabanninmu riƙon amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.