Garin Neman Gira

A ƙasar Polan an yi wani sarki mai suna Boleslaw na Uku. Da ya ga ajali ya matso a shekarar 1138, sai ya raba wa 'ya'yansa ƙasa don gudun rikici a bayansa. Babban ɗansa Wiladislaw ya sami yankin Silesiya da birnin Kirakof, aka kuma ɗora shi a kan sauran. Ƙannensa, waɗanda uba ɗaya suka haɗa da shi, kowa aka yanka masa nasa: Boleslaw ƙarami ya sami Masobiya, Miyeshko kuma yankin Foznan.

Da Wiladislaw ya tsaya a rabonsa, da ya mutu a gadon sarauta. Amma ina! 'Yan ubanci ya shiga tsakani. Matarsa Agnis, 'yar'uwar Sarkin Jamus Kwanrad na Uku, tana ganin raini ne mijinta ya raba ƙasa da yara. Da kishiyar uwarsa Salomiya ta rasu a 1144, sai gardama ta tashi kan ƙasar da ta bari, yaƙi ya ɓarke.

A fadar akwai wani dattijo, Fiyotar Wilostobic, sarkin yaƙi tun zamanin mahaifinsu, mai dukiya, wanda ya gina majami'u da dama. Shi ne ya nemi a sasanta, don ya san wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce. Maimakon a saurare shi, Wiladislaw ya sa aka kama shi, aka ƙwaƙule masa idanu, aka kore shi daga ƙasar. Labari ya bazu. Kowane basarake ya shafa nasa idon, ya ce a ransa: wanda bai bar amintaccen ubansa ba, ni zai bari?

A 1146 Wiladislaw ya kewaye ƙannensa a Foznan, yana ganin nasara ta zo hannu. Nan ne babban limamin cocin ƙasar, Yakub na Gniezno, ya yanke shi daga coci. Hakimai suka juya masa baya, mayaƙan ƙannensa suka far wa sansaninsa suka watsa shi. Ya tsere zuwa Bohemiya, daga can ya wuce Jamus. Agnis ta tsaya kare Kirakof, daga baya ita ma ta bi shi da 'ya'yansu.

Kwanrad ya ba shi masauki a Altenburg, ya kuma ɗauki runduna don mayar da shi, amma ya dawo hannu rabbana. A 1157 magajin Kwanrad, Sarki Faradarik Barbarosa, ya shiga Polan da yaƙi. Da Boleslaw ƙarami ya yi masa mubaya'a, sai Barbarosa ya juya gida, ya bar Wiladislaw yana jiran gawon shanu. A 1159 ya rasu a baƙunci, bayan shekara 13 yana zaman jira. Sai a 1163 aka mayar wa 'ya'yansa Silesiya.

Mai mulki, ka kula da wanda yake gaya maka gaskiya, domin ran da ka wulaƙanta shi, na kusa da kai za su fara neman mafita. Magaji kuma ya riƙe rabonsa ya bar na ƙannensa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.