Cinderella ko 'Yar Bora?

Yaranmu a nan Dandume sun san Cinderella, katun ɗin Disney na 1950, mu kuwa da tatsuniyar 'Yar Bora muka tashi. Dukkansu sun sha wuya a hannun kishiyar uwa, sun yi haƙuri. Sai dai Cinderella kyau da takalmin gilashi suka kai ta gidan sarki. 'Yar Bora kuwa da ƙafarta ta taka har Ruwan Bagaja, ladabinta ya jawo mata arziki. Shi ya sa nake fifita ta gaban ɗalibaina. To ke 'yar uwa, ranar da 'yar kishiyarki za ta ba da labarinta, wace ce ke a ciki? Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.